FILIN MATA: Hoton Asibiti da Macijin Ciki

  Yau za mu aje zancen girki da ɗinki, mu ɗauki zancen tsutsar ciki, da yadda likita kan nemi taimakon hoto kafin ya gane ta. Na san zance ne marar daɗin ji, saboda haka wadda ke cin abinci ta aje jaridar sai ta wanke hannu. Amma ciwon ɗa uwa ce ke kwana da shi, tilas mu tattauna.

In an zo maganar hoton asibiti, wanda a ke kira eksire, mata sun kasu biyu. Akwai wadda da ta ji likita ya ce a kai yaro ɗakin hoto sai gabanta ya faɗi, ta goya ɗanta ta sulale gida, wai wutar na'urar za ta shanye masa jini. Akwai kuma wadda ko kumallo yaro ya yi sai ta tsaya kai da fata a ɗauke shi hoto, in an hana ta ce likitan bai san aikinsa ba. Duka biyun sun kauce hanya. Hoto shaida ne da likita kan kira in shari'a ta rikice masa. Yana da ranarsa, in kuwa ranar ta zo, jinkirin yini guda na iya cin ran yaro. Abin da na ke so ku riƙe ke nan, sauran bayani ne.

Macijin ciki

Tsutsotsin ciki iri iri ne. Akwai tsila, mai faɗi kamar zariya, wadda a kan samu daga naman shanu da bai dahu ba. Akwai 'yan ƙanana farare masu sa yara susa da dare. Akwai mai shiga ta fatar ƙafa ta je hanji ta riƙa shan jini. Wanda mu ke magana a kansa yau shi ne babbansu, macijin ciki, wanda likitoci ke kira askaris. Macen ta kan kai tsawon santimita 35, watau taƙi ɗaya da rabi, kaurinta kamar fensir. Namijin bai kai ta ba, kuma wutsiyarsa a lanƙwashe ta ke. Masana sun ƙiyasta mutum wajen miliyan 800 ne ke ɗauke da shi a duniya, yawancinsu a ƙasashe masu zafi irin namu, kuma yara sun fi kowa.

Wasu na cewa shan zaƙi ke kawo shi, wasu su ce da shi a ke haihuwar kowa. Ko ɗaya ba haka ba ne. Ƙwansa a ke haɗiyewa. Mace guda ta kan zuba ƙwai wajen 200,000 kowace rana a cikin hanji, su fita tare da bayan gida. Ido ba ya ganinsu. In sun faɗa ƙasa mai laima da inuwa, cikin mako 2 zuwa 4 sai su nuna, sa'an nan su kan yi shekaru a nan suna jiran mai tsautsayi. Yaro ya yi rarrafe a tsakar gida ya sa hannu a baka, ko a ci salak da karas na lambun da aka yi wa takin masai ko ban ruwa da ruwan kwata, shi ke nan ƙwai ya shiga.

Nan abin mamaki ya ke. In ƙwan ya ƙyanƙyashe a hanji, 'yar tsutsar ba ta zama. Sai ta huda bangon hanji ta bi jini, ta ratsa hanta, ta isa huhu. Ta kan yi kwana 10 zuwa 14 a huhu tana girma, sa'an nan ta hauro maƙogwaro, mutum ya yi tari ya haɗiye ta bai sani ba, ta koma hanji ta yi zamanta. Wani likitan yara na ƙasar Japan, Shimesu Koino, shi ya tabbatar da wannan tafiya a jikinsa a 1922. Ya haɗiye ƙwai 2,000 da gangan, ya kwanta da zazzaɓi da tari, ya duba kakinsa ya ga 'ya'yan tsutsa a ciki. Daga ranar haɗiye ƙwai zuwa ranar da tsutsa za ta fara zuba nata ƙwan, wata 2 ne zuwa 3. Ta kan rayu shekara 1 zuwa 2. Ku riƙe waɗannan kwanaki, za mu komo kansu.

Yadda hoton ke aiki

Wani malamin kimiyya Bajamushe, Wilhelm Rontgen, shi ya gano wannan haske a garin Wurzbag ran 8 ga Nuwamba 1895. Ku mata, kuna da rabo a tarihin, domin hoton da ya fara bazuwa duniya na hannun matarsa ne, Anna Barta, ga ƙasusuwan yatsunta ga zobenta. A 1901 aka ba shi kyautar Nobel saboda wannan aiki.

Ki tsaya tsakanin fitila da bango da dare, za ki ga inuwarki. To, hoton asibiti ma inuwa ce, sai dai haskensa yana ratsa tsoka. Abin da ya tare hasken ƙwarai, kamar ƙashi da ƙarfe, sai ya fito fari. Abin da haske ya wuce ta cikinsa ba wuya, kamar iska, sai ya fito baƙi. Tsoka da ruwa su kan fito toka-toka. Macijin ciki ba shi da ƙashi, jikinsa tsoka ce da ruwa kamar hanjin da ya ke kwance a ciki. Saboda haka in guda 2 ne ko 3 a cikin yaro, a kan ɗauki hoto a ga ciki lafiya lau, alhali suna nan. Wannan shi ne dalilin da ya sa likita ba ya fara neman tsutsa da hoto.

Abin da a ke farawa da shi awon bayan gida ne. Za a ba ki 'yar kwalba ki kawo ɗan kaɗan, malamin ɗakin awo ya shafa a gilashi ya duba da madubin likita. Da ya ke ƙwan yana da yawa haka, da wuya ya ɓuya. Awon ba tsada, ba zafi, ba hasken da zai shiga jiki. Yawancin yara masu tsutsa iyakar abin da su ke bukata ke nan, sai magani. Wani lokaci ma tsutsar da kanta ta kan fito ta bayan gida, ko ta baki, ko ta hanci, musamman in zazzaɓi ya dame ta. In haka ta faru kada ki firgita ki binne ta. Ki sa ta a kwalba ki kai wa likita, gani ya kori ji.

To yaushe ne hoto ke da rana? A wuri 4.

Na fari: tari da hoton ƙirji

Kun tuna 'ya'yan tsutsa kan yi mako 2 a huhu. In suna da yawa, yaro ko babba ya kan kama busasshen tari, da zazzaɓi, da shaƙewar numfashi kamar mai asma, wani har da ƙuraje masu ƙaiƙayi. A wannan lokaci ko an auna bayan gida ba za a ga ƙwai ba, domin tsutsar ba ta isa zuba ƙwai ba tukuna. Nan hoton ƙirji kan taimaka. Likita zai ga farin dishi-dishi a huhu kamar gajimare. In aka sake ɗauka bayan 'yan kwanaki, sai a ga gajimaren ya gusa wani wuri, ko ya washe. Wani likita a Zurik ta ƙasar Suwizalan, Wilhelm Loffler, shi ya bayyana wannan inuwa mai yawo a 1932, har yau da sunansa a ke kiran ciwon. A kan haɗa da awon jini, a ga wani irin farin ƙwayar jini ya yi yawa, irin wanda jiki kan tara in yana faɗa da tsutsa.

Amfanin sanin wannan babba ne, domin tarin fuka ma ya kan sa inuwa a huhu. Bambancin shi ne inuwar tarin fuka ta kan zauna daram, ta tsutsa kuwa baƙuwa ce, cikin mako kaɗan ta tafi. Saboda haka in likita ya ce ki komo da yaro a sake hoto, kada ki ce neman kuɗi ne. Hoto na biyun shi ke raba gardama. Duk tarin da ya wuce mako 2 kuma a auna kaki, kada a zauna ana cewa tsutsa ce. In an tabbata na tsutsa ne, likita zai ce a kawo bayan gida bayan wata 2 ko 3, lokacin da ƙwai zai bayyana, a ba da magani.

Na biyu: ƙullewar hanji

Wannan shi ne mai kisa, ku kasa kunne. Hanjin ƙaramin yaro siriri ne. In tsutsotsi sun yi yawa su kan sarƙe da juna kamar zaren da kyanwa ta yi wasa da shi, su toshe hanya, galibi can ƙarshen ƙaramin hanji. Abinci ba ya wucewa, ruwa ba ya wucewa, iska ba ta wucewa. Hanji ya kumbura, wani lokaci nauyin ƙullin ya sa ya murɗe, jini ya daina isa wurin, wurin ya ruɓe ya fashe. Yara 'yan ƙasa da shekara 10 abin ya fi kamawa. A 1986 likitoci suka ba da labarin wata yarinya 'yar shekara 2 a Afirka ta Kudu wadda ta rasu da wannan ciwo. Tsutsa 796 aka ƙirga a cikinta, nauyinsu ya haura rabin kilo. Allah ya tsare mana zuriya.

A irin wannan hali awon bayan gida ba ya wadatarwa. Ko ya nuna ƙwai, ba zai faɗa wa likita ko hanya ta toshe ba, balle a ina. Hoton ciki shi ke faɗa. A kan ɗauki yaro a kwance, a kuma ɗauke shi a tsaye ko a zaune. Na ce muku tsutsa ba ta fitowa a hoto in tana kwance cikin tsoka. Amma in hanji ya cika da iska, iskar ta kan zama baƙin allo, tsutsotsin su fito a kansa. Wani lokaci a gan su jere kamar tsinken tsintsiya, wani lokaci a naɗe kamar gammo. A hoton tsaye kuma likita zai ga hanji kashi kashi, ruwa a ƙasa iska a sama, kamar kwalaben da aka cika rabi aka jera a matakala. Wannan alamar toshewa ce. In kuwa ya ga baƙar iska siririya kamar jinjirin wata a can sama, ƙarƙashin huhu, to hanji ya riga ya huje, sai ɗakin tiyata ba jira.

Da abin da hoto ya nuna, da abin da hannunsa ya taɓa, likita ke yanke shawara. In toshewar ba ta cika ba, a kan hana yaro ci da sha, a sa masa ƙarin ruwa, a zura siririyar roba ta hanci zuwa tumbi a zuƙe abin da ya taru, a riƙa dubawa. Sau da yawa ƙullin ya kan warware cikin kwana 1 ko 2, sa'an nan a ba da maganin tsutsa. In bai warware ba, ko yaro yana ƙara jin jiki, sai a yi aiki. Likita ya kan matsa tsutsotsin da hannu su gangara babban hanji, ko ya tsaga hanji ya kwashe su, ko ya yanke inda ya ruɓe ya haɗa sauran. Wanda aka kawo da wuri ya kan tashi sumul.

Ku sani kuma ba kowane kumburin ciki ne na tsutsa ba. Zazzaɓin taifot ya kan huda hanji. Hanjin jariri ya kan shige cikin ɗan'uwansa. Ƙaba ta kan maƙale. Dukansu su kan zo da kama ɗaya, uwa ba za ta iya rarrabewa a gida ba, kuma dukansu na gaggawa ne.

Na uku: farin kunu

Akwai mai fama da ciwon ciki wata da watanni, an auna bayan gida ba a ga kome ba. Haka kan faru in tsutsotsin duk maza ne, tun da namiji ba ya ƙwai, ko in ba su balaga ba. Likita na iya zaton gyambon ciki ne ko wani abu, ya ce a yi hoton farin kunu. Wani farin gari ne mai suna bariyam a ke damawa kamar kunun kanwa mai kauri, mutum ya sha, a riƙa ɗaukar hoto yana gangarawa. Haske ba ya ratsa shi, saboda haka duk inda ya bi a hanji sai ya fito fari fat.

Ku masu ƙunshi kun san yadda a ke liƙa salatif a hannu kafin a shafa lalle. In an ɓare, inda salatif ya kwanta sai ya fito fili a tsakiyar ja. Haka tsutsa ke fitowa a wannan hoto, dogon fili siriri mai tsini a kai da wutsiya, kewaye da fari. Ga kuma wani abin al'ajabi. Da ya ke an hana mai ciwon abinci tun dare, ita ma tsutsar da yunwa ta kwana. In kunun ya iso sai ta sha, nata hanjin ya cika, a ga farin zare ya bi tsakiyar jikinta tun daga sama har ƙasa. Likitan da ya ga wannan ba ya sauran shakka. Sau da yawa ma wani ciwo a ke nema a yi kiciɓis da ita. Amma ba a ba wanda a ke zaton hanjinsa ya toshe sarai ko ya huje wannan kunu, domin zai ƙara ɓarna. Yanzu kuma manyan asibitoci suna da na'urar siti sikan mai nuna ciki yanka yanka, ita ma ta kan kama tsutsa, sai dai tsadarta da yawan haskenta sun sa ba a yin ta sai da dalili.

Na huɗu: sikanin

Macijin ciki yana son shiga rami. Akwai wata 'yar hanya da ruwan maɗaciya ke bi daga hanta ya zubo hanji. Tsutsa ta kan kutsa kai nan, ta jawo matsanancin ciwo a dama ƙarƙashin haƙarƙari, da amai, wani lokaci da zazzaɓi da shawara. Eksire ba ya nuna wannan sosai. Abin da ke nunawa shi ne sikanin, irin wanda a ke yi muku wurin awon ciki. Shi da amo ya ke aiki, babu hasken eksire a cikinsa ko kaɗan, shi ya sa a ke yi wa mai juna biyu ba fargaba. A allonsa a kan ga tsutsar doguwa, har a ga tana motsi. Likitocin Sirinaga ta yankin Kashmir, ƙarƙashin Dokta Muhammad Sultan Khuroo, su suka nuna wa duniya a 1985 cewa a wurin da tsutsa ta yi yawa, tana cikin manyan masu jawo ciwon maɗaciya, kuma mata ta fi kamawa. Yau likitoci da yawa su kan haɗa sikanin da hoton ciki in yaro ya zo da kumburi.

Kafin mu wuce, ga wata 'yar magana domin iyayenmu tsofaffi. Wani lokaci a kan ɗauki tsohuwa hoton ƙafa ko ƙugu a ga wani farin zare a naɗe cikin tsoka, hankalin 'ya'ya ya tashi. Sau da yawa tsohon kurkunu ne da ya mutu a jiki tun tana yarinya ya daskare. Ba na hanji ba ne, kuma galibi ba ya bukatar magani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida Nijeriya da Nijar sun rabu da kurkunu a 2013, Gana kuma a 2015.

Alamun da ba a kwana da su

Likita ba zai ɗauki hoton yaron da ba a kawo masa ba. Saboda haka idon uwa shi ne na'ura ta fari. In kin ga waɗannan, ki tashi ko tsakar dare ne: ciwon ciki mai murɗawa yana lafawa yana komowa, yaro yana naɗe ƙafa yana ihu, amai ba ƙaƙƙautawa, musamman kore ko mai tsutsa a ciki, ciki ya kumbura ya yi tauri, ba bayan gida, ba fitar iska, ko kashi da jini, ido ya faɗa, baki ya bushe, fitsari ya ragu.

A wannan hali kada ki ba shi maganin wankin ciki, ko jiƙo, ko kanwa. Kada a yi masa tsaga ko a danna cikin da ƙarfi. Kada ki aika kemis a sayo maganin tsutsa ki ɗura masa, domin in hanya a toshe ta ke, maganin na iya sa ƙullin ya ƙara tamkewa. Kada ki ba shi abinci, ko da za a yi aiki gara tumbi ya zama wayam. Wata magana kuma, yara da yawa kan makara domin maigida ya yi tafiya, uwa tana jiran izini. Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun yau, lokacin da kowa ke lafiya, ki zauna da maigida cikin ladabi ku yi shawara: in irin wannan ta taso ba ya nan, wa zai raka ki, ina kuɗin mota, wane asibiti. Babu uban da zai ƙi.

Ranar ɗaukar hoto

Hoto ba ya zafi, ba ya shan jini, ba ya hana haihuwa. Ƙiftawar ido ne an gama. Gaskiya ne haskensa in ya yi yawa yana da illa, shi ya sa ba a yinsa don sha'awa. Amma na hoton ƙirji guda bai wuce abin da jikin kowa ke samu daga ƙasa da sararin sama cikin kwana 10 ba. Na ciki ya ɗara haka, na farin kunu ya ɗara na ciki, likita kuwa ya kan auna amfani da illa kafin ya rubuta.

Ki cire wa yaro laya da guru da duk abin da ke da ƙarfe. Ke ma in ke za a ɗauka, ki cire sarƙa da jigida da fil, domin su kan fito a hoton su rufe abin da a ke nema. Za a ba ki riga ki sa, kina kuma da ikon neman mace ta tsaya tare da ke. In kina da juna biyu, ko kina zato, ko wata ya wuce ba ki ga al'ada ba, ki faɗa tun kafin a fara. Wannan ba wurin kunya ba ne. Mai ciki kuma kada ta riƙe yaro lokacin ɗauka, ta zo da ƙanwa ko goggo ko abokiyar zama, za a sa wa mai riƙon rigar darma. In farin kunu ne, za a ce kada a ci kome tun dare. Bayan an gama a sha ruwa da yawa, kuma kada a tsorata in an ga bayan gida fari kwana 1 ko 2. Hoton da takardarsa ki adana su a akwati inda ki ke aje katin rigakafi, wata rana likita zai so ya gwada tsoho da sabo.

Magani da rigakafi

Abin takaici shi ne duk wannan wahala ƙwaya guda ke hana ta. Albendazol mai miligiram 400, sau ɗaya, shi ke kashe macijin ciki ga babba da yaron da ya cika shekara 2. Ɗan shekara 1 zuwa 2 rabi a ke ba shi, a murƙushe a ruwa kada ya shaƙe. Akwai kuma mebendazol. Mai ciki ba ta sha a wata 3 na fari, bayan haka sai da shawarar ma'aikatan awo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa ba yara maganin sau 1 a shekara a wurin da yaro 20 cikin 100 ke da tsutsa, sau 2 kuma in sun kai 50 cikin 100. In an zo rabawa a makaranta ko a unguwa, kada ku hana. Yaro mai tsutsa abincinsa biyu a ke rabawa, sai ki ga ba ya girma, ba ya gane karatu.

Sai dai magani ba ya hana ta komowa in tsakar gida na nan yadda ta ke. Kowane gida ya kamata ya sami masai mai murfi. Kashin yaro ba tsarkakakke ba ne kamar yadda wasu ke zato, shi ya fi ɗaukar ƙwai. A koya masa fo, a zubar a masai, kada a watsa bayan ɗaki ko a kwata. A wanke hannu da sabulu, in babu da toka, bayan kama ruwa, da bayan wanke wa yaro, da kafin girki da ci. A yanke farce. Salak da kabeji da tumatir da yalo a wanke su ganye ganye, ɗaya ɗaya, da ruwa mai tsabta ana sakewa, karas kuma a kankare. Ku sani ɗan gishirin da a ke barbaɗawa a ruwa ba ya kashe wannan ƙwai, ɓawonsa tauri gare shi. Cuɗawa da ɗauraya ke fitar da shi, wuta ke kashe shi. A shimfiɗa wa mai rarrafe tabarma, a hana yara cin ƙasa, masu ciki ma su bar cin farar ƙasa.

Ku 'yan makaranta, ga aikinku na wannan mako. Kowace ta karanta wa mahaifiyarta da maƙwabta alamun nan na ƙullewar hanji har su hardace, ta kuma duba farcen ƙannenta. Wadda ke son kimiyya ta sani aikin ɗaukar hoton asibiti ilmi ne da a ke karanta shi a jami'a, kuma muna bukatar mata a cikinsa ƙwarai, domin 'yan'uwanku da yawa kunyar namiji ke hana su zuwa.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu yi magana a kan tsutsar nan mai shan jini, da abincin da ke mayar wa mai jego jininta. Wadda ke da tambaya ta rubuto. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, ya raya mana zuriya. Ku huta lafiya.

Taku,
Uwargida